Sun ce ba a ga komai ba, ni kuma hannuna yana jin abu

Na daɗe ina son rubuta wannan labarin amma kullum in na ɗauko waya sai in ajiye, yau dai nace ko da kuka ne sai na gama shi. Shekarata 44 lokacin da abun ya fara, yarana huɗu, autan ma na daɗe da yaye shi, kuma kaf danginmu ta wajen uwa da ta wajen uba ban taɓa jin wadda tayi kansar mama ba. Wannan maganar ta "ai babu shi a danginmu" ita ta fara kwantar min da hankali a inda bai kamata ya kwanta ba, sai daga baya na karanta a bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa kusan rabin matan da suke kamuwa da wannan ciwon ba a samun wani dalili na musamman a tare dasu, banda cewa mata ne kuma shekaru sun fara ja.

A wajen wanka na fara jinshi. Ni duk abun da na sani shine ana cewa ki nemi ƙullutu, wani abu kamar ɗan dutse da yake motsi a ƙarƙashin yatsa, toh ni ba haka naji ba, wani tauri ne mai faɗi a maman hagu ta sama can wajen hamata, kamar an daɓe wajen, in na taɓa na dama a daidai wannan gurbin laushi, in na dawo hagu sai inji bambanci ƙarara. Ba zafi ba ciwo ba komai. Nace a raina al'ada ce ta kusa, bari ta zo ta wuce, ta zo ta wuce yana nan, na sake bari wata ta zagayo, yana nan daram inda na barshi. Wata biyu kenan na ɓata da kaina kafin ma in taka asibiti.

Likitan da na fara gani ya duba ni cikin sauri, layi ne a bayana har waje, yace shi bai ji wani abu na tashin hankali ba amma tunda na haura 40 bari ya rubuta min mamogram. Ga wadda bata taɓa yi ba, inji ne da ake ɗora mama a kai a matse ta tsakanin faranti biyu a ɗau hoto, sau biyu kowane ɓangare, ɗaya ta sama ɗaya ta gefe, akwai zafi kam amma na 'yan daƙiƙu ne, kuma ranar kar ki shafa hoda ko abun hana warin hamata don suna iya fitowa a hoton kamar ɗigo-ɗigo su rikita mai karantawa. Nayi na tafi gida, bayan sati ɗaya na dawo karɓar sakamako. Wadda take miƙa ambulan ta taga ta buɗe nawa ta ɗan leƙa, tace Hajiya babu komai, basu ga wani abu ba, ki dawo shekara mai zuwa. Wallahi a wajen nan ƙafata har rawa take don murna, na kira Baban yara tun ban fita daga gate ba nace masa Alhamdulillah lafiya kalau. Ban koma wajen likitan ba, ban karanta takardar ba, na cusa ta a aljihun jaka na manta da ita.

Sati bakwai takardar nan tana kwance. Taurin yana nan, kullum in na kwanta hannuna sai ya kai wajen, sai in ce wa kaina ke an yi miki hoto da inji fa, me kuma kike nema. Wata rana da safe ina shiri a gaban madubi na ɗaga hannu zan ɗaure gashina sai naga fatar wajen ta ɗan loɓa ciki, kaɗan ne sosai, in na sauke hannu ta koma daidai, in na ɗaga ta sake loɓawa. Gabana ya faɗi. Na zazzage jakar nan a kan gado na nemo takardar, na zauna na karanta ta layi-layi duk da rabin kalmomin ban gane su ba, a ƙasa naga an rubuta BI-RADS 0, an rubuta cewa naman maman yana da kauri, sannan a layin ƙarshe an rubuta a fili cewa ana ba da shawarar a yi sikanin don a ƙara dubawa.

Ni da farko ma da naga 0 na ɗauka ai shikenan, sifili, babu komai, kuma ina kyautata zaton ita ma baiwar Allah ta tagar nan haka ta fahimta. Da na shiga intanet na bincika sai jikina yayi sanyi. BI-RADS wani tsari ne da ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fito dashi, asibitoci a ƙasashe da yawa suna amfani dashi, lamba ce daga 0 zuwa 6. Wadda take nufin ba a ga komai ba ita ce 1. Lamba 2 an ga abu amma an tabbata bashi da illa. Lamba 3 an ga abu wanda kusan tabbas bashi da illa, yiwuwar ya zama kansa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba, shi yasa ake cewa a dawo bayan wata 6 a sake dubawa. Lamba 4 akwai zargi sai an ciri nama an gwada, 5 zargin yayi ƙarfi sosai, kashi 95 ko sama, 6 kuma an riga an tabbatar. Ita 0 ma'anarta aikin bai kammala ba, mai karanta hoton yana cewa ne ban iya yanke hukunci ba sai an ƙara min wani hoton. Wato likitan hoton yayi aikinsa daidai, ya rubuta abun da ya kamata, a tsakanin teburinsa da kunnena ne maganar ta juye ta koma "ki dawo shekara mai zuwa".

Maganar kaurin naman ma sai a ranar na fahimce ta. A hoton mamogram kitse yana fitowa duhu-duhu, shi kuma naman da yake da kauri yana fitowa fari, toh ƙari ma fari yake fitowa, kinga neman farin zare kenan a cikin tulin auduga. Ana raba kaurin gida huɗu, A zuwa D, nawa C ne, kuma ba wata cuta bace, mata da yawa ne haka, kawai dai injin baya gani da kyau a cikinsu. A Amurka ma tun watan Satumba na 2024 doka ta tilasta a riƙa sanar da mace a rubuce ko mamanta mai kauri ce ko a'a. Ni nawa an rubuta, ba wanda ya min bayani ne, ni ma ban tambaya ba.

Abun da yafi bani wahala ba asibitin bane ma, kaina ne da kuma gida. Da na faɗa wa Baban yara zan koma sai yace ke kam an ce miki lafiyarki kalau, kina neman jawo wa kanki ciwo da bakinki. Na san tsoro ne yake cinsa, baya son jin sunan ciwon ma, amma a lokacin maganar ta soke ni sosai. Ni kaina kunya nake ji, ina ganin in na koma kamar na ƙaryata ma'aikata ne, kamar na raina iliminsu, za a ce wannan matar ta cika naci, ta karanta abu a waya ta zo tana koya wa likita aiki. Mu an tashe mu a kan kawaici, in babba ko mai ilimi yayi magana kace toh, ko da ranka bai kwanta ba. Yayata ce ta karya min wannan, na kira ta ina kuka, tace ke tashi, in ma ba komai bane me kika rasa, gobe da safe zan zo mu tafi tare. Nace Yaya ina jin nauyi, tace nauyin wa, jikinki ne ko nasu?

Muka je, na nuna layin da aka rubuta a yi sikanin, aka bani rana bayan sati biyu. Mai sikanin ɗin ya daɗe yana goga abun a wajen da na nuna masa da yatsana, kuma wannan ma darasi ne, ki nuna wajen da hannunki kar ki bari a yi ta lalube, yace yana ganin wata inuwa wadda bata da iyaka a fili. Aka tsira min siririyar allura aka zuƙo ɗan abu aka tura ɗakin gwaji. Sati biyu kuma ina jira, bacci sai ɓarawo. Sakamako ya fito an rubuta cewa abun da aka zuƙo bai isa a yanke hukunci ba, ƙwayoyin halittar da aka samu sunyi kaɗan. Karo na biyu kenan ana bani takardar da bata ce eh ba bata ce a'a ba.

Likitan ya kalli takardar yace toh Hajiya ba a ga kansa ba, mu ba shi wata shida mu gani. Da a da ne wallahi da na ce na gode na tashi. Amma daren kafin nan na zauna na rubuta tambayoyina a takarda don na san in na shiga ofis kaina ɗaukewa yake, Yaya kuma tana gefena da biro tana rubuta duk abun da aka faɗa. Na buɗe takardar hannuna yana rawa nace likita don Allah kayi haƙuri ina da tambaya, ba a ga kansa ba ne saboda an duba an tabbata babu, ko kuwa saboda ba a samu abun da za a duba ba? Yayi shiru kaɗan yace na biyun ne. Nace toh wannan taurin da nake ji da loɓawar fatar, menene sunansa? Yace ba zai iya cewa ba tukuna. Nace in kuma abun da muke tsoro ne, wata shida ɗin nan me zai yi a jikina? A nan ne ransa ya ɓaci, yace Hajiya ke ce likitan ko ni. Naji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na haɗiye yawu nace likita kai ne likita, ni ban karanta komai a kan wannan ba, amma ni nake kwana da shi nake tashi da shi, kuma ya canza daga yadda na fara jinshi. Ina roƙon a sake cirar naman da babbar allura, in kuma kana ganin bai kamata ba, don Allah ka rubuta a fayil ɗina cewa na nema, ka rubuta dalilin da yasa ba za a yi ba, sannan ka bani takardar da zan je inga likitan tiyatar mama.

Ban ɗaga murya ba, ban zage shi ba, har na fita ina ce masa na gode. Ya daɗe yana kallon fayil ɗin, sannan ya jawo takarda ya rubuta min turawar. Har yau bana riƙe shi a raina da mugunta, mutum ne da ya ga marasa lafiya sun fi ƙarfin lokacinsa tun safe, kuma mafi yawan matan da suke zuwa masa da irin wannan ƙorafin da gaske ba komai bane. Amma yayi kuskure a kaina, wannan kam ba zan ɓoye ba, don wata shida ana ba wa abun da aka gani aka auna aka ce kusan tabbas bashi da illa ne, ni kuwa nawa ba a ma gan shi da kyau ba.

Sai kuma tattara takardu, wannan kaɗai sai da nayi sawu uku. Na nemi kwafin rahoton mamogram, da hotunan kansu a faifai, da rahoton sikanin, da na ɗakin gwaji. Wani yace min ai ba a bayarwa, nace toh wa zan gani da zai iya bayarwa, ya tura ni wani ofis, can aka ce in rubuta buƙata a takarda, na rubuta a tsaye. Ki riƙe wannan da kyau 'yar uwa, likita na biyu yana buƙatar ganin hoton da idonsa, rahoto kaɗai ra'ayin wanda ya fara karantawa ne. Na sayi jakar takardu na jera komai bisa kwanan wata, a shafin farko na rubuta ranar da na fara jin taurin da ranar da naga fatar ta loɓa.

Likitar tiyatar da na gani mace ce dattijuwa, ta sa na zauna, ta sa na ɗaga hannu, ta sa na dafa ƙugu na matse, ta kwantar dani ta duba har cikin hamata da saman ƙashin wuya, bata yi gaggawa ba. Ta ga loɓawar da kanta. Ita ta fara min bayanin da ya kamata ace na ji tun ranar farko, tace ƙa'idar binciken ƙari a mama ƙafa uku gareta kamar murhu, abun da hannun likita yaji, abun da hoto ya nuna, da abun da gwajin nama ya faɗa, kuma dole ukun nan bakinsu ya zo ɗaya. In hannu yana jin abu, hoto bai fayyace ba, gwaji kuma bai isa ba, ba a rufe fayil, ci gaba ake da nema har sai an samu amsa. Tace ƙanwata kin yi daidai da kika dawo. Wallahi a nan na fashe da kuka, don wata da watanni ina jin kamar ni ce mai matsala a kai.

Bayan kwana huɗu aka yi min bayofsi, wato cirar nama don gwaji, da babbar allura, ana kallo ta sikanin ana saita ta. An min allurar kashe zafi, abun da kawai ya firgita ni ƙarar da take yi kamar an harba tarko, sau huɗu ko biyar ana ciro ɗan siririn nama. Kafin a fara na tambaye ta abun da mutane suka yi ta tsorata ni dashi, wai in allura ta taɓa ƙari sai ya watsu a jiki, tace kar wannan ya hana ni, abun da yake ba ciwon damar yaɗuwa shine a barshi ba a san shi ba. Kwana goma na jira. Ranar da muka koma Baban yara da kansa ya ja mota, bai ce komai ba a hanya.

Kansa ce. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un, shine abun da na iya faɗa. Likitar tace irin wadda take farawa daga 'yan jakunkunan da suke yin ruwan nono, likitoci suna ce mata lobula, kamar ɗaya cikin goma na kansar mama irinta ce. Halinta shine bata cika dunƙulewa waje ɗaya ta zama ƙullutu ba, ƙwayoyinta jeruwa suke ɗaya bayan ɗaya kamar layin tururuwa suna ratsa naman, shi yasa hannu yake jin tauri kawai, shi yasa kuma take yawan ɓuya wa mamogram, balle a mama mai kauri irin tawa. Duk abun da ya ruɗa ni tun farko a ranar ya samu bayani. Aka yi min MRI, wani hoton cikin jiki ne na daban, don a ga iyakar inda ta kai, girmanta santimita 2 da rabi, aka yi tiyata aka cire ta da naman da yake kewaye da ita, aka ciri kaluluwar farko ta hamata aka gwada, Alhamdulillah bata kai can ba. Mataki na 2 aka ce. Nayi gashin asibiti, wato haska wajen da inji don kashe ragowar ciwon, na 'yan makonni, yanzu ina kan tamoxifen kullum ƙwaya ɗaya, don irin tawa da sinadarin mata na jiki take girma, maganin kuma ana shansa shekara 5 zuwa 10.

Wata rana ina kwance bayan tiyata na ɗauko jakar takardun nan na ƙirga, daga ranar da na fara zuwa asibiti zuwa ranar da aka faɗa min sunan ciwon, sama da kwana 130. Hukumar Lafiya ta Duniya a shirinta na yaƙi da kansar mama da ta ƙaddamar a 2021 cewa tayi ya kamata a kammala duk binciken nan, dubawa da hoto da gwajin nama, cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara kawo kanta. Ni na ninka wannan har da ɗori, kuma da nace toh a ofishin nan da an ƙara wata shida a kai, ko da na bi maganar taga da shekara guda ce. Ina yawan tunanin nan da dare. A 2022 kaɗai mata miliyan 2.3 aka samu da wannan ciwon a duniya, kusan 670,000 suka rasu, kuma in na karanta irin wannan lissafin sai in riƙa tunanin guda nawa ne a cikinsu suke da ambulan a aljihun jaka da basu buɗe ba.

Bana son kuma wata ta karanta wannan ta ga 0 a takardarta ta kasa bacci. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka tace a cikin matan da ake sake kira bayan mamogram don ƙarin hoto, ko ɗaya cikin goma ba a samu da kansa. Wata baiwar Allah da muka yi layin sikanin tare, nata jakar ruwa ce kawai, aka zuƙe a take ta tafi gida tana dariya, kuma irin nata sun fi irin nawa yawa nesa ba kusa ba. Amma ita wannan ƙungiyar dai ta ce mamogram yana kuskuren kamar ɗaya cikin takwas na kansar mama, don haka in hannunki yana jin abu, ko fata ta loɓa, ko kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini, ko da takardar tace 1 ki koma ki nuna wajen da yatsanki. Ita matar nan mai jakar ruwa ta tafi gida ne da amsa a hannunta, an gani, an faɗa mata sunansa. Abun da nake nema kenan tun farko, ba wai so nake a ce min ina da ciwo ba.

Baban yara ya bani haƙuri a daren da za a shiga dani tiyata, yace tsoro ne ya rufe masa ido, yanzu shi yake riƙe jakar takardun in zamu je ganin likita, har ya fini tambaya. Tamoxifen yana sa ni zufa da dare da wani zafi da yake taso min daga ƙirji, hannun hagu har yanzu in na ɗaga shi sosai ina jin ja a wajen ɗinkin, amma ina nan ina aikina ina kai yarana makaranta. Wata mai zuwa nake da mamogram na shekara, Yaya ma ta yarda za ta yi nata na farko a ranar, shekararta 51 bata taɓa yi ba. Na riga na rubuta mana tambayoyi a takarda ɗaya, ta farko lamba nawa aka rubuta, ta biyu A ce ko B ko C ko D, ta uku wane likita ne zai zauna damu ya karanta mana sakamakon kafin mu bar asibitin.